Malam Abubakar Imam a Kujerar Edita: Gaskiya Ta Fi Kwabo da Masu Karatunta na Yamma

Duk wanda ya ratsa makarantar boko a ƙasar Hausa ya san sunan Alhaji Abubakar Imam, amma galibi ta wajen Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ya san shi. Aikin da ya ci ƙuruciyarsa kuwa wani ne dabam, watau shekara 12 da ya yi yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, daga 1939 zuwa 1951. Littafi a kan sake buga shi, a sa shi cikin manhajar makaranta. Jarida kuwa da an karanta ta sai a jefar, don haka aikin edita ya fi saurin ɓacewa daga idon masu tarihi. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun wannan aiki, a nuna yadda jaridar da Gwamnati ta kafa don bukatar kanta ta koma ta masu karatu saboda irin harshen da editanta ya zaɓa. Sa'an nan a duba abin da wannan zaɓi ya jawo wa mutanen yamma, musamman na Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda ba Hausarsu aka buga ba.

Asalinsa da horonsa

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911, a ƙasar da yanzu ta ke cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malanta ne da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, wansa kuma shi ne Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki. Ya fara da karatun allo, sa'an nan aka kai shi Katsina ya shiga boko. Cikin 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta horar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fita cikin 1932 ya zama malamin Ingilishi a Midil ta Katsina. Ke nan tun bai kai shekara 25 ba yana riƙe da harshe uku: Larabci daga gida, Ingilishi daga kwaleji, da Hausar da ya tashi da ita tsakanin Kagara da Katsina.

Cikin 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai 5 ne suka fito daga wannan gasa, aka fara buga su cikin 1934: Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na wansa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Da East ya ga hannun Imam sai ya roƙi a ba shi aronsa daga Katsina. Cikin 1936 Imam ya zauna Zariya wajen wata 6, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3. Yawancin labaran da ke ciki an ɗebo tushensu daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, amma ya sāke musu tufafi har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Wannan shi ne horon da ya fi amfanarsa daga baya, gama aikin editan jaridar Hausa a zamanin nan duk bai wuce haka ba: a ɗauko abin da ya faru a wata duniya, a faɗe shi yadda mutumin Funtuwa ko na Jega zai ji kamar a ƙofar gidansa a ke ba shi labari.

Yadda aka kafa jaridar

Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ita ce takardar labarai ta farko a Arewa ba. Tun 1932 Gwamnati ta fara buga Jaridar Nijeriya ta Arewa da Hausa da Larabci da Ingilishi, amma jefi-jefi ta kan fito, kuma yawancin abin da ke cikinta sanarwar hukuma ce. Abu biyu ne suka sa aka ga lalle a yi wata sabuwa. Na farko, cikin 1937 Nnamdi Azikiwe ya fara buga West African Pilot a Legas, tana sukar mulkin Turawa a fili, tana kuwa hawowa Arewa ta jirgin ƙasa zuwa hannun akawuna. Na biyu, da gizagizan yaƙi suka fara haɗuwa a Turai cikin 1938, jita-jita ta bazu cewa Ingilishi za su miƙa wa Hitila na Jamus waɗansu ƙasashen da su ke mulka don a zauna lafiya. Gwamnati ba ta da bakin da za ta yi wa jama'a magana kai tsaye, sai ta hanyar Razdan da Sarki da hakimi, maganar kuwa kafin ta kai ƙauye ta sāke kama.

Fitowar farko ta kasance cikin watan Janairu 1939. Kuɗinta kwabo ɗaya, sunanta ma daga nan ya samo asali. Da fari sau ɗaya ta ke fitowa a wata, daga baya aka riƙa ƙara yawan fitowarta. Imam ne editan Hausa, akwai kuma Bature mai duba aikin, L. C. Giles, East yana bisa dukansu. Cikin ma'aikatan ofishin har da Malam Nuhu Bamalli, wanda ya zama minista daga baya. Wata 8 da fitowarta Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, jama'a suka ƙagara su ji labari, jaridar ta sami kasuwar da masu kafa ta ba su yi zato ba. Cikin 1941 aka ƙara mata 'yar takarda da ajami domin waɗanda ba su iya boko ba, aka kuma fito da Suda, wadda labarin yaƙi ne aikinta.

Edita tsakanin iyayengiji uku

Mai son ya auna aikin Imam da adalci, sai ya tuna iyayengiji uku ya ke yi wa aiki a lokaci guda. Gwamnati ce mai injin bugawa da takarda da albashi. Sarakuna ne masu ƙasa, ta ofisoshin En'e ɗinsu kuma jaridar ta ke isa gunduma-gunduma, Sarkin da ya yi fushi da ita yana iya sa ta kwana cikin ɗauri ba a kwance ba. Na uku su ne masu karatu: malaman makaranta, da malaman asibiti da na gona da na daji, da akawunan kanti, da sojan da aka kai Gabashin Afirka da Bama. Su kaɗan ne bisa ga yawan jama'a, amma kofe guda ya kan bi hannu da yawa, a kan kuma karanta shi da ƙarfi a zaure ga waɗanda ba su iya ba.

Babban abin da Imam ya yi shi ne ya buɗe wa kashi na uku ƙofa, watau filin wasiƙu. A tsarin da aka saba, ƙaramin ma'aikaci ko talaka in yana da kuka sai ya bi ta mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, wanda sau da yawa shi ne a ke kukan da shi. Filin wasiƙu ya zama wata hanya dabam, inda malamin elemantare na wani ƙauye zai rubuta magana a kan ilmin 'ya'ya mata, ko tsadar aure, ko cin hanci, mutumin wani lardi da bai taɓa ganinsa ba ya ba shi amsa a fitowa ta gaba. Ta haka 'yan boko na larduna dabam-dabam suka fara jin cewa su jama'a guda ce mai damuwa guda. Kowace wasiƙa kuwa sai ta bi ta hannun edita, shi zai yanke wadda za a buga, da wadda za a rage wa kaifi, da wadda za a ajiye.

Dabararsa a sharhi ita ce dabarar akun nan na Magana Jari Ce, wanda ya ke gyara sarauta da labari ba da tsawa ba. Ya kan kawo karin magana ko misali, ya soki hali ba tare da ya kama sunan mai halin ba, ya bar mai kunne ya ji. Waɗansu samari masu zafin jini sun ɗauki wannan tsoro ne, suka riƙa kai rubutunsu jaridun Legas. Amma abin da ya faru cikin 1943 ya nuna lissafi ne, ba tsoro ba.

A shekarar nan aka gayyaci editoci 8 na Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam yana cikinsu, Azikiwe kuma shi ne ya yi fice a tawagar. Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba ƙasashen nan mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, don yana ganin Arewa ba ta da ma'aikatan da za su riƙe rabonta in an yi gaggawa. Masu sukarsa a nan su kan tsaya. Alhali kuwa a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, wanda ya shimfiɗa mulkin En'e, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana bayyana masa illar tsarin nan nasa ba tare da sakayawa ba. Ya nuna masa Arewa ta rabu kashi uku: sarakuna, da ma'aikata 'yan boko waɗanda ba su jin daɗi don ba a shawara da su, da talakawa waɗanda ba su da mai tsaya musu. Maganar ta kai Ofishin Mulkin Mallaka, ta kai ga Gwamna Richards. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ke nan mutumin da ya ƙi bin Azikiwe a bainar jama'a shi ne ya faɗa wa Lugga abin da ba a saba faɗa masa ba. Matsayinsa guda ne a wurin duka biyu: a gyara Arewa daga ciki, a kuma ba 'yan boko murya kafin su nemi wata hanya.

Cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da injunan bugawa nasa, East yana shugabansa. Cikin 1948 kamfanin ya fara buga Nigerian Citizen da Ingilishi. A wannan lokaci ƙungiyoyin tattaunawa na samari sun riga sun tsiro a Bauci da Zariya da Kano da Sakkwato, daga cikinsu Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fito, ta yi babban taronta a Kaduna cikin 1949, Dokta R. A. B. Dikko yana shugaba, Imam yana ma'aji. Cikin Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, cikin 1951 kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa sosai. Daga nan zaman da edita ya saba yi a tsakiya ya ƙare, gama masu karatun da ya haɗa sun rabu biyu, kowane ɓangare yana neman jarida ta zama tasa. A shekarar nan ta 1951 Imam ya bar kujerar edita, aka zaɓe shi majalisa.

Harshen jaridar

Ga mai nazarin harshe, gadon da ya fi daɗewa daga shekarun nan 12 shi ne Hausar da aka rubuta jaridar da ita. Cikin shekarun 1930 ne aka tsai da shawara a kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, maimakon ɗigo a ƙarƙashin harafi irin na ƙamus ɗin Bargery na 1934. Amma tsai da ƙa'ida a ofis abu ne guda, sa ta zama al'adar ido wani abu ne dabam. Jaridar ce ta yi wannan, don ita ce rubutun da ya ke zuwa hannun mutum a kai a kai bayan ya bar makaranta.

Sai kuma maganar kalmomi. Yaƙi da siyasa sun kawo abubuwan da ba su da suna a Hausa, edita kuwa ba shi da damar jiran kwamiti, don injin yana jiransa. Hanya uku aka bi. Ta farko, a ɗauki kalmar Larabci wadda malamai suka sani a ba ta sabon aiki, kamar jarida da majalisa da jam'iyya da wakili da ƙuri'a. Ta biyu, a ari ta Ingilishi a lanƙwasa ta bisa ga lafazin Hausa, kamar edita da soja da gwamna da minista. Ta uku, a haɗa kalmomin Hausa su haifi sabuwar ma'ana, kamar jirgin sama da mulkin kai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba Imam ne ya ƙago kowace ɗaya daga cikinsu ba, waɗansu ma sun girmi jaridar. Amma a shafinta ne aka gwada su, wadda ta karɓu ta zauna, wadda ba ta karɓu ba ta mutu. Salon jimlarsa kuma na mai magana ne, gajere, mai karin magana, wanda ya ke daɗin karantawa da ƙarfi. Wannan Hausa ta yi suna har waɗansu suka riƙa ce mata Gaskiyanci. Lokacin da aka kafa Hukumar Harshen Hausa cikin 1955, ta tarar da yawancin aikin an riga an yi shi, nata bai wuce tacewa da tabbatarwa ba.

Yadda abin ya ke daga kwarin Rima

Hausar da aka daidaita a kanta ta gabas ce, ginshiƙinta Kananci, ko da ya ke wanda ya fi kowa yaɗa ta ba Bakano ba ne. In aka tsaya a Birnin Kebbi ko Argungu aka dubi wannan al'amari, sai a ga wata fuska tasa wadda ba a gani daga Zariya.

Da farko akwai nisa. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya a Ƙaurar Namoda cikin 1929, ba ta kai Sakkwato ba, balle Argungu da Birnin Kebbi. Jarida sai ta sauka daga jirgi ta hau mota, ta ratsa Lardin Sakkwato, kafin ta kai ƙasashen Gwandu da Kabi, a zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Amma nisan harshe ya fi na hanya muhimmanci. Inda jarida ta rubuta suka tafi, mutumin Kabi cewa ya ke yi sunka tahi. Inda ta ce aka yi, shi anka yi ya sani. Yana zuwa a bakinsa shina zuwa ne, gidansa gidanai ne, rigarsa rigatai ce, rigar sarki kuma rigas sarki. Fari hwari ne, me kuwa mi ne, a wurin ne da ce yana da na da ta. Waɗannan ba ɓatacciyar Hausa ba ce. Masu kwatanta kare-karen Hausa sun nuna siffofi irin su munka da sunka sun fi muka da suka tsufa, watau yamma ce ta riƙe abin da gabas ta sassauta.

Abin lura kuma shi ne, kafin zuwan boko, yamma ce cibiyar rubutacciyar Hausa. Waƙoƙin wa'azi da na tarihi na ƙarni na 19, irin na Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna Gwandu, da na Nana Asma'u, da ajami aka rubuta su, cikin Hausar yamma. Malamin Kano ko na Zariya mai karanta su shi ne ya ke koyon munka da anka. Injin bugawa na Zariya ya juya wannan al'amari cikin shekaru kaɗan, har ya zama ɗan Gwandu ne ya ke gyara harshensa in zai rubuta wa edita wasiƙa. Waƙa kaɗai ce ta ƙi wannan juyi, don karinta da amsa-amonta ba su yarda a taɓa kalma. Shi ya sa mawaƙan yamma na ƙarni na 20, irin su Alhaji Umaru Nasarawa, Wazirin Gwandu, suka ci gaba da rubutu da Hausar gida.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce yamma hasara kaɗai ta yi. Rubutun boko, yadda aka tsara shi, ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, harafin f kuma kowa yana iya furta shi yadda ya saba. Wannan sassauci, wanda masu ilmin harshe su kan ɗauka aibi ne, shi ya sa Bakabe ya ke karanta shafin da aka buga a Zariya da lafazin garinsu ba tare da ya tsaya ba. Abin da ya samu kuwa babba ne: da Hausa guda ya ke iya muhawara da mutumin Bauci da na Yola da na Jos. Lokacin da wakilan Gwandu da Argungu suka shiga majalisa a Kaduna, kalmomin da a ke shawara da su ba baƙi ba ne a kunnensu. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, Hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna jaridunsu, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zariya, Lardin Sakkwato kuma ya sami Zaruma. Labarin ya matso kusa da gida, amma ƙa'idar rubutun ta Gaskiya ce.

Bayan 1951

Imam bai rabu da aikin ɗab'i ba bayan ya bar jaridar. Ya yi aikin editan littattafai a Zariya, ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da a ke ƙoƙarin sa 'yan Arewa a guraben aikin Gwamnati, watau matsalar da ta hana shi sa hannu cikin 1943. Ya kuma rubuta littattafan addini da na tarihi, cikinsu har da Tarihin Annabi Kammalalle. NORLA ta rufe cikin 1959. Cikin 1966 aka fara New Nigerian a Kaduna, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin kamfaninta, a shekarar kuma aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, wanda ya gaji littattafan Hukumar Talifi da na NORLA. Imam ya rasu a Zariya cikin Yuni 1981. Tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya shirya, ya fito cikin 1989, shekara 2 kafin a yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Jaridar ta rayu shekaru da yawa bayansa kafin ta daina fitowa, amma Hausar da ta shimfiɗa ita ce har yanzu a ke koyarwa, a ke kuma yin jarrabawa da ita.

Wannan tarihi ya ɗora wa malaman kwalejin horo nauyi biyu. Na ɗaya, ɗalibin da za a tura ya koyar a Argungu ko Birnin Kebbi ya kamata ya san daidaitacciyar Hausa zaɓi ce da waɗansu mutane suka yi a wani ofis, a wani zamani, don wata bukata. In yaro ya rubuta sunka, sai a nuna masa ƙa'idar rubutu ita ce suka, a kuma gaya masa tasa ce ta fi tsufa, kada a ja masa jan layi a ce bai iya Hausa ba. Na biyu, ya kamata masu bincike su koma ga tsofaffin kofen jaridar na 1939 zuwa 1951, su ware wasiƙun da suka fito daga Lardin Sakkwato, su ƙididdige siffofin yamma da suka tsira a cikinsu shekara bayan shekara. Da irin wannan ƙidaya ne za a iya sanin saurin da Hausar Zariya ta yi wajen shiga alƙalamin mutanen Rima, da kuma yawan abin da editan ya bari ya wuce yadda mai shi ya rubuto.